Ni Ce Buhun Bayan Motar Yaya

A gidanmu da kwando ake auna mota. Babanmu dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yabi wata mota don kyanta ko don gudunta ba. Mota za ta wuce, sai ya bi ta da ido, ya ɗan karkata kai, ya faɗi yawan kwandon da za ta ɗauka. Ko ta gwamna ce. Wata rana har motar ɗaukar gawa ya auna. Mama ta ce ya ji tsoron Allah, ya ce shi bai ce a loda ba, dubawa kawai ya yi.

To a irin wannan gida ne Yaya ta shigo da motarta.

Yaya ita ce babbarmu, ni ce auta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti can bayan Bukuru, kullum sai ta bi babban titi ta je ta dawo. Ta gaji da cusuwa a motar haya tsakanin buhuna da kaji, ta daure ta sayi tata, 'yar Kwatano. Ƙarama ce, ja wur, ƙofa biyu, tayoyinta masu faɗi, cikinta kuma ya kusa sumbatar ƙasa. Idan ɓera yana son wucewa ta ƙarƙashinta sai ya cire hula.

Ranar farko da ta ɗauke ni na gane cewa duk motocin da na shiga a baya kwale-kwale ne. Wannan tauri gare ta. Idan ta taka tururuwa sai ka ji a ƙashin bayanka, har ka san ko tururuwar da kaya take tafe. Amma ka bari a hau babban titi. Yaya ta taka totur, na riƙe kujera ina jiran mu tashi sama, sai na ji motar tana ƙara dannuwa a kwalta. Muka zo wata kwana wadda motar haya ke kwantawa a cikinta har fasinjan gefe ya faɗo maka a cinya. Ita kuwa ta shige ta a zaune daram, kamar ƙadangare a jikin bango. Tirela ta wuce mu da iskarta, ko gezau.

Na ce, "Yaya, sake!"

Ta ce, "Ke, hanyar aiki ce, ba lilon Sallah ba."

Matsalar tana bakin lungunmu. Duk wanda ya san unguwarmu Gangare ya san ba don mota aka yi lungunanta ba. Namu yana da kwata a baki, an rufe ta da wani dakalin siminti, gaba kaɗan kuma ga tudun da samarin unguwa suka gina don 'yan acaɓa su rage gudu. Samarin nan da zuciya ɗaya suka yi aikin. Ba tudu suka gina ba, dutsen Shere suka kwafo. Duk dabarar da Yaya za ta yi, ta karkata, ta lallaɓa, ta sa ni in fita don a rage nauyi, sai cikin motar ya goga. Ƙuuuu! Kuma daidai wurin ne Baba da abokansa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

"Alhaji, ga garmarku ta dawo."

"Bana me kuka shuka a lungun?"

Wani tsoho mai sayar da hula ya ce tun da motar ta zo ya daina duba agogo. Da ya ji ƙuuu ya san lokacin alwala ya yi.

Baba yana dariya tare da su, amma in ya shigo gida ba ya yi. Wata rana ya kira Yaya, ta durƙusa, ni kuma na laɓe a bayan labule inda na saba.

"Motar nan a ɗaga ta."

"Baba, haka aka ƙera ta. Ƙasa-ƙasan nan shi ne ke riƙe ta a hanya."

"Su waɗanda suka ƙera ta, sun taɓa zuwa Gangare?"

"Ba su taɓa ba, Baba. Amma ni ba a Gangare nake gudu ba."

"To wa ya ce ki yi gudu?"

Yaya ta yi shiru irin nata, wanda ke nufin ta ji amma ba ta ɗauka ba. Baba ma ya yi shiru irin nasa, wanda ke nufin ya riga ya gama magana da wani.

Ba a daɗe ba aka tura Yaya wani kwas na 'yan kwanaki. Ta bar makulli a hannun Mama, ta ja mata kunne. Mama kuwa ba a gina ta don riƙe makulli a gaban Baba ba. Washegari ya zo da direban da ke yi masa jigilar tumatir don a kai motar gareji, na ce sai an tafi da ni. Na ɗauka in ina wurin zan iya hana wani abu. Abin da na iya hanawa shi ne direban ya ci gyaɗa a ciki.

Garejin yana wajen Tina Junction, na wani Ibo ne da ya tsufa a Jos, shi ke ɗaga duk ƙananan motocin da ke dakon kayan gwari. Aikin a wurinsu ba sabo ba ne. Za a cire sifirin ɗin baya, wato ƙarfen nan mai murɗe da mota ke zaune a kansa, a sa dogo mai tauri, don in an loda kwanduna har rufi bayan motar kada ya zauna a kan taya. Ya zagaya motar Yaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, wannan mota ba na kaya ba ne fa. Na gudu ne."

"Oga, tarihinta na tambaye ka?"

"A'a, Alhaji."

"To ɗaga ta."

Na ce, "Baba, Yaya ta ce..."

"Yayarki tana nan?"

Aka cire na baya, wasu gajeru masu launin ruwan ƙwai, aka jefa su gefe. Aka cusa wasu baƙaƙe dogaye da aka ciro daga wata tsohuwar motar kaya, aka ƙara da guntayen tsohuwar taya don su zauna. Na gaba kuwa an rasa wanda zai shiga, sai aka ɗan yi musu ciko aka bar su. Sannan aka zo gwaji irin na Farin Gada. Yaran garejin suka hau kan but ɗin bayanta suka yi ta tsalle. Motar ba ta ko lotsa ba. Fuskar Baba ta washe.

"Yauwa. Yanzu ta zama mota."

Ni dai abin da na gani kaza ce mai tsintar tsaba, kai a ƙasa, gindi a sama. Muka dawo, ta haye kwata da tudu ba ko ƙyas. 'Yan tabarma suka tafa. Mai hula ya ce yanzu sai ya koma ɗaura agogo.

Da Yaya ta dawo ta tsaya a ƙofar gida da jakarta a hannu. Ta zagaya motar. Ta dube ni. Na nuna ɗakin Baba da leɓe. Ta shiga ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi kasuwa, ya tambayi hanya, sannan ya ce ta gwada tukuna kafin ta ɓata rai.

Ta gwada. Da yamma ta dawo fuskarta kamar an wanke ta da toka.

"Baba, motar rawa take yi. Da na ɗan taka sai bayan ya fara yawo. Tirela ta wuce ni yau, saura kaɗan in bi ta."

Baba bai ko yi mamaki ba. Ya ce ai wannan kowane yaron mota ya sani. Motar da aka ɗaga ba ta tafiya wofi, nauyi take so. A sa mata buhun dankali biyu a baya, magana ta ƙare.

"Baba, asibiti nake zuwa. Ba zan riƙa yawo da dankali ba."

"To kabeji."

"Baba!"

Ya waiga yana neman abin da ke da nauyi a tsakar gida. Akwai turmi, akwai injin markaɗe, akwai randa. Idonsa ya tsallake su duka ya sauka a kaina, ina zaune ina cin dafaffiyar masara ban ji ba ban gani ba.

"Ga Auta nan. Ba hutu kuke yi ba?"

"Baba, ni buhu ce?"

"Ina! Buhu ba ya surutu."

Haka na samu aikin hutu. 'Yan ajinmu wasu suna koyon ɗinki, wasu sun tafi Kaduna wurin dangi, ni kuwa ina danne bayan mota. Kullum da safe in shige kujerar baya, inda ko kyanwa sai ta naɗe ƙafa, in zauna a tsakiya. In yini a barandar asibiti ina kallon awaki, da yamma a sake loda ni. Mama ta ɗauki abin da gaske, ta fara ƙara mini malmalar tuwo. In na ce na ƙoshi sai ta ce in tuna rayuwar yayata tana hannuna. Ban taɓa jin an ci tuwo don ceton rai ba sai a kaina.

Gaskiyar magana, ko giwa aka sa a wurin ba za ta gyara ba. Ni da ke zaune a kan abin na fi kowa sani. Da, in motar ta taka gargada sai ta yi gum sau ɗaya ta manta. Yanzu sai bayan ya yi tsalle, ya sake yi, ya kuma yi, kaina yana gaisawa da rufi. Shokozoba ɗin da ya kamata ya kwantar da tsallen an miƙe shi har ƙarshensa, ba abin da yake yi sai ƙara. A kwana kuma sai ka ji gaban ya bi hanya, bayan yana shawara ko zai bi. Yaya ta daina kunna rediyo. Ta daina hira. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyinta suka fito, tana tafiya a hankali, motocin haya suna danna mata hon suna zagin wanda ya ba ta lasisi. Ni kuma tana ba ni umarni kamar mai tuƙa jirgin ruwa.

"Matsa hagu! Hagu na ce!"

"Hagunki ko haguna?"

"Auta, wallahi zan sauke ki."

"Ki sauke ni mana, ki ga yadda za ki kai gida ba buhu."

Kuma hutu yana ta ƙarewa. Ni na san da an koma makaranta ita kaɗai za ta riƙa bin hanyar nan da wannan kazar. Ban faɗa wa kowa ba, amma tuwon ya daina wucewa da daɗi.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da rana, irin na Agusta, kwalta tana sheƙi. Muna dawowa, ba mu kai Bukuru ba, a wata doguwar kwana tsakanin duwatsu. Yaya ba gudu take ba, na rantse. Wani ɗan akuya ya yanke shawarar cewa ciyawar ɗaya gefen ta fi daɗi. Yaya ta ɗaga ƙafa, ta ɗan kauce. Ɗan kaucewar da a da motar za ta yi ba tare da na daina cin gyaɗa ba.

Sai bayan motar ya ce shi ma yau gaba zai shiga.

Na ga duwatsu sun wuce ta dama, na sake ganin su ta hagu. Na ga hanyar da muka baro ta gilashin gaba. Na fara salati na rasa inda zan ci gaba, na koma farko. Yaya tana ta murza sitiyari. Muka ratsa wani shingen ƙyarana mai ƙaya da baya-baya, muka gangara, muka tsaya cak. Shiru. Sai ƙarar ruwa yana ɗiga daga ganye.

"Auta?"

"Na'am."

"Kina da rai?"

"Ban duba ba tukuna."

Ta juyo ta shafa fuskata, ta shafa kaina, ta ja hannuwana ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen kaza. Ban taɓa ganin Yaya ta ruɗe haka ba, ita da ke ɗinke mutum yana ihu.

Sai ga wata mata ta taho da fartanya a kafaɗa, zani ɗaure a ƙirji, mai gonar ce. Ta leƙo ta taga.

"Sannu fa. Kun mutu?"

"Ba mu mutu ba, Mama."

"To mun gode Yesu. Ku fita daga acca na."

Duk da haka ita ta kawo mana ruwa, ita ta ƙwala wa 'ya'yanta kira suka zo suka tura mu. Yaya tana ta ba ta haƙuri kan accar, ta ce a bari, acca zai sake fita, mutum ba zai sake fita ba. Sannan ta ja da baya ta ƙare wa motar kallo.

"Wannan mota, me ya sa bayan shi ya tashi haka? Yana fushi?"

Yaya ta ce, "Ni ce nake fushi, Mama."

Ba gida muka nufa ba. A hankali muka lallaɓa har Tina Junction, ƙaya da ganye suna reto a jikin bamba. Mai garejin ya gan mu ya miƙe tsaye.

"Madam, me ya faru?"

"Oga, mayar min da motata yadda ka same ta."

"Amma Alhaji ya ce..."

"Sunan wa ke jikin takardun motar?"

Ya dubi ƙayar, ya dube ni da ƙulun da ya fito mini a goshi, bai ƙara ambatar Alhaji ba. Sai dai gajerun sifirin ɗin sun shige cikin tarin ƙarafan da ake tara wa 'yan gwangwan. Ni na san kalarsu. Na naɗe hijabina na hau tarin nan ina tono kamar kaza, yaran garejin suna mini dariya, har na zaƙulo su daga ƙarƙashin wata tsohuwar ƙofa. Na ɗaga su sama kamar na ci kofi. Aka kwance baƙaƙen, aka zare guntayen taya, motar ta sauko ta zauna a inda Allah ya ajiye ta.

Mun iso bakin lungu tabarma a cike. Na ce wa Yaya in fita don a rage nauyi. Ta ce in zauna. Ba ta karkata ba, ba ta lallaɓa ba. Ta hau tudun nan kai tsaye, a hankali, ta bar ƙarar ta yi tsawo har sai da tattabarun masallaci suka tashi. Ba wanda ya yi tsokana. Baba ya miƙe ya naɗe carbinsa ya biyo mu.

A tsakar gida Yaya ta durƙusa ta faɗa masa komai. Da ta zo wurin juyawar motar na ga ya dafa bango. Ya kira ni ya taɓa goshina, ya daɗe yana taɓawa. Na ɗauka an gama, yanzu zai ce Allah ya kiyaye gaba, a bar mota yadda take.

Sai ya ce, "Gudu ne. Kuma yarinyar nan ba ta da nauyi. Na ce a sa dankali."

"Baba, ba gudu ba ne. Ɗagawar ce."

"Motoci nawa na ɗaga a rayuwata? Wacce ta shiga gona?"

"Waɗancan da kaya suke tafiya, Baba, kuma ba ni ke ciki ba."

"Wato ni ban san mota ba."

"Ka san naka, Baba. Wannan tawa ce, kuma ni ke bin hanyar."

Mama ta fara tari irin na a yi shiru. Ba wanda ya kula ta. Baba ya gyara tsayuwa, ya ce to shi kenan, tun da an kwance aikinsa ba a tambaye shi ba, ga hukuncinsa. Muddin motar nan tana jan ciki, ba za ta sake shiga lungunsa ba, ba za ta kwana a ƙofar gidansa ba. Ko a ɗaga ta, ko a san inda za a kai ta.

Na san abin da yake jira. Yana jiran ta tuna sanyin safiyar Jos, da taɓon lungu, da ɓarayin batir, ta ce a yi haƙuri.

Yaya ta ce, "To, Baba. Ba za ta kwana ba."

Ni ma na ga dama ta samu. Na ce, "Baba, ni ma na ajiye aikin buhu."

"Ke wa ya sa da ke?"

"Kai ka sa ni, Baba."

Da ba don Mama ta jawo ni kicin ba, da na samu ƙulu na biyu.

A ranar Yaya ta fitar da motar. Akwai wata mai shagon kayan masarufi a bakin babban titi, mijinta yana da fili mai get a baya, Yaya ta taɓa kula da ita lokacin da ta haihu. Matar ta ce a kawo, ko jirgi ne. Tun daga nan motar can take kwana, Yaya kuma kullum sai ta ratsa Gangare a ƙafa, safe da yamma, cikin farin kayanta, tana tsallake kwata. Matan unguwa sun yi ta magana. Wai ta sayi mota ta koma tafiyar ƙasa. Wai wane namiji ne zai ɗauki mai wannan kai. Wata ta tare ni a wurin markaɗe ta ce in ba yayata shawara. Na ce mata shawarar da nake bayarwa ta gona ce, in tana da acca mu zo.

An koma makaranta, Yaya ta ci gaba da bin hanyarta ita kaɗai. Rediyonta ya dawo. Ran Asabar ta ɗauke ni muka bi ta kwanar nan, motar ta shige a zaune, na ɗaga wa mai gonar hannu ko da yake ban ga kowa a gonar ba.

Baba bai sauko ba. Yaya ma ba ta sauko ba. Suna gaisawa lafiya lau, tana kai masa shayi, tana auna masa jini, yana sa mata albarka. Maganar mota ce kawai in ta taso kowa ya koma bakin iyakarsa.

Makon jiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungu ya zama rafi. Yaya ta fito ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare siket. Baba yana tsaye a zaure da lemarsa, yana shirin tafiya kasuwa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Dubi wahalar da kike sha. Ki ɗaga motar nan ki huta."

"A'a, Baba. Sai na dawo."

Ta faɗa cikin ruwan. Ya bi ta da kallo yana girgiza kai.

"Taurin kai. Ban san inda ta samo shi ba."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa, na rufe. Sai ya miƙo mini lemar.

"Bi ta, kada ta jiƙe. Ki ce mata kwalta da santsi yau."

"Kai fa, Baba?"

"Ki dawo min da ita da sauri, ina da kaya a hanya."

Na cim mata a wajen masallaci, muka shige ƙarƙashin lema ɗaya, kowa rabinsa a jiƙe. Na isar da saƙo. Ta ce ta ji. Na tsaya a bakin get har ta fito da motar, ta hau titi, ta shiga shataletale a zaune daram, ruwa yana tashi ta gefen tayoyinta, ta miƙe ta yi kudu.

Sannan na juyo gida. Ban yi sauri ba.